Zanen da Masana'antun Kano Suka Bari: Ziyarar Wani Tsohon Sito a Sharaɗa

 

Ranar Asabar da ta wuce na raka wani abokina Sharaɗa, zai saro bokitan roba na shagonsa. Ana yi masa lodi, ni kuwa zaman ya ishe ni, sai na ɗan taka. A bayan wata katanga da kainuwar kwata ta cinye gindinta na hangi ƙofar wani sito a buɗe, an zana dagi a jikinta da shuɗi da ja. Na ɗauka masu rubuta allon talla ne. Da na yi sallama na leƙa, sai na tarar da zane-zane rataye a bango tun daga bakin ƙofa har ƙurya, da wani dattijo zaune a kan benci yana wanke burushi a gwangwanin madara.

Ya ce, "Shigo mana ɗana, kallo kyauta ne."

Na shiga da niyyar minti biyar, ban fito ba sai da aka kira la'asar. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, don haka Baba zan riƙa ce masa, kamar yadda na kira shi a ranar.

Ɗakin bai fi girman shago uku ba. A bangon dama akwai aikinsa na yanzu: marina da karofi, rumfunan Kurmi, dawakin hawan sallah an hango su daga nesa, da hayaƙin masana'anta a kan rufin kwano. A bangon hagu kuma wasu tsofaffin takardu ne a cikin gilashi, kowace ɗauke da fure ko ganye ko dagi da aka maimaita sahu-sahu. Ina ganin ɗaya daga ciki gabana ya faɗi, domin na san ta. Atamfar da mahaifiyata take goya ƙanena da ita ce, ruwan ɗorawa da kore. Na ce, "Baba, ina ka samo wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Ni na zana ta. Kafin ta zama zani a jikin gyatumarka, takarda ce a kan teburina."

Wannan magana ce ta sa na zauna rubuta maƙalar nan. Shekara da shekaru muna ɗaura aikin mutanen nan, muna cin tuwo a cikinsa, muna kai 'ya'yanmu mata ɗakin miji da shi, amma ba mu taɓa tambayar wane ne ya zana ba. Kuma wannan hali namu ya girmi masana'antun da nisa.

Idan aka ce Bahaushe bai san zane ba, an yi masa ƙazafi. Abin da bai saba da shi ba shi ne rataye zane a bango don kallo kawai. Zanensa a jikin abin amfani yake zaune. Yana wuyan riga, inda mai ɗinki yake fitar da aska biyu ko aska takwas. Yana jikin hula da linzami da sirdi. Yana kan ƙwarya da tabarma da faifai. Yana jikin allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani, da gafakar da ake adana littafi. Yana fuskar zaure da cikin soro.

Kano kuwa ita ce cibiyar wannan aiki tun da daɗewa. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa ma ta Sahara take bi ta isa Turai, can kuma a kira ta fatar Maroko, saboda ta hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka ta isa gare su. Kun ga tun a wancan lokaci aikin namu ne, sunan na wani.

Akwai wani abu a tsohon gini da nake so mu riƙe, domin za mu dawo kansa. Magina suna shafe soro da laso don kada ruwan sama ya ci shi. Laso kuwa ana haɗa shi ne da katsi, wato tabon da ake kwashewa daga gindin karofi idan baba ya mutu, da gashin jima da majema suke kankarewa daga fata, da ruwan dafara. Wato sharar marina da sharar majema ita ce take zama rigar gidan attajiri. Babu abin da ake zubarwa.

To amma su wane ne suka yi waɗannan ayyuka? Sunaye kaɗan ne suka tsira. Muna da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830 zuwa 1840. A zamaninmu muna da Sharu Bala Gabari, wanda Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa aka buga shi ya shiga makarantun allo ko'ina. Sauran dubban masu ɗinki da dukawa da magina sun tafi ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Riga takan ɗauki sunan wanda ya sa ta, gida ya ɗauki sunan mai shi.

Zuwan Turawa ya buɗe wasu ƙofofi. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, kuma a cikinta akwai sashen sana'o'in hannu inda ake koyar da dukanci da ɗinki da sassaƙa da ƙira. Gidansa yana nan har yau, shi ne Gidan Ɗan Hausa. A 1911 layin dogo ya iso Kano, gyaɗa ta kawo kuɗi, kuɗi suka kawo kwalliya. Daga nan ne attajirai suka shiga gasar zanen fuskar gida, har magina suka fara sa keke da mota da agogo da jirgin sama a cikin zanen bango, kusa da dagi da takobi.

A ɗaya gefen kuma ga zanen boko. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta nace cewa mai zanen Najeriya ya koma ya ɗebo daga al'adar gidansu. Sunayensu sun zaga duniya, kuma sun cancanta. Sai dai yawancinsu daga kudu suka zo, al'adun garuruwansu suka koma wa. Aikin Hausawa kuwa wani malamin jami'ar ne Bature, David Heathcote, ya bi shi gari-gari yana tattarawa, har aka baje kolinsa a Landan a 1976. A Landan fa, 'yan uwa. A lokacin nan kuwa, a nan gida, hannun masu zanenmu ya riga ya sami sabon wurin aiki, wato masana'anta.

Bompai ce babbar yaya. Tun shekarun 1950 ta fara cika da kamfanonin matsar gyaɗa da sabulu da alewa da takalma, kusa da layin dogo. Wajen 1960 masu kuɗin Hong Kong suka shigo Najeriya da sana'ar kwanon langa, Kano ma ta sami rabonta. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako yana gwamna, ga kuɗin man fetur, ga dokokin 1972 da 1977 da suka tilasta sayar wa 'yan ƙasa hannun jari a kamfanonin baƙi, sai Bompai ta yi kaɗan. Aka yanka gonakin Sharaɗa aka yi rukunin masana'antu kashi-kashi, daga baya aka miƙa zuwa Challawa, inda manyan majemu suka tare a kusa da kogi. A 1972 Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, daga baya Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya, ga wasu da dama na Lebanawa da Indiyawa da 'yan Sin.

Abin da ba a cika faɗa ba idan ana wannan tarihi shi ne, duk masana'antar da take buga yadi ko kwano ko ledar alewa tana buƙatar mai zane. Babu kwamfuta a lokacin. Da hannu ake yin komai.

Baba ya ce shi ɗan gidan masu ɗinkin riga ne a cikin birni. Tun yana yaro shi yake fitar wa mahaifinsa zanen aska a kan yadi da tawada kafin a sa allura. A ƙarshen shekarun 1970 wani maƙwabcinsu ya kai shi wata masana'antar buga yadi, aka ba shi takarda da fensir aka ce ya gwada. A ranar aka ɗauke shi.

Ya nuna mini yadda aikin yake. Da farko za ka zana furen da fentin ruwa a kan farar takarda mai kauri. Wahalar ita ce dole bakin zanen na dama ya haɗu da na hagu, na sama ya haɗu da na ƙasa, ta yadda idan inji ya maimaita shi a yadi ɗari ba za a ga gaɓa ba. Kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba zai fito a kowane zani. Bayan manaja ya amince, sai a raba launuka. Kowane launi a kwafe shi shi kaɗai da baƙar tawada a kan takarda mai shara-shara. Zane mai launi huɗu, takarda huɗu. Daga kowace takarda a fitar da allon bugu guda, mai kama da rariya, wanda rini yake bi ta ramukansa ya sauka a yadi. Zane ɗaya yakan ci mako biyu ko fiye.

Na ce, "To wa yake zaɓar abin da za a zana?" Ya ce, "Matan Kano. Su ne manajojin gaskiya." Dillalan Kantin Kwari sukan zo su ce kaza ya karɓu, kaza ya kwanta. Shi kuma ranar da ba aiki yakan tsaya a bakin gidan biki yana kallon abin da mata suka ɗauro. Yakan ɗauko dagi daga bangon zaure, ya ɗauko ganye daga bakin allon zayyana, ya ɗauko sarƙa daga wuyan riga, ya juya su su zama fure. A gefen yadin kuwa sunan kamfani ake bugawa da lambar zane. Nasa sunan yana cikin littafin albashi kawai.

Yadda abin ya rushe, yawancinmu mun gani da idonmu. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya ƙarfi. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, kayan gyaran inji da sinadarin rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma janareta da baƙin mai. A 1995 Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 2005 aka cire ƙayyade yawan yadin da ƙasashe suke fitarwa, kayan Sin suka malalo, wasu ta tashar ruwa, wasu ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano da Maraɗi. Har ta kai ɗan kasuwa yakan yanki ƙyallen atamfar gida ya tafi da shi Sin, a kwafo masa zanen a kan rabin kuɗi. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Kano da Kaduna. Yau idan ka zaga Sharaɗa da Bompai, da yawan gine-ginen sun koma sito, ana jibge irin kayan da suka kashe su.

Ranar da aka rufe tasu masana'antar, in ji Baba, an sayar da injuna ga 'yan gwangwan a kan kilo. Takardun ɗakin zane kuma aka watso su tsakar gida za a cinna musu wuta, masu tsire da masu ƙosai suna ɗiba. Ya roƙi mai gadi, ya kawo kura, ya kwashi abin da ya iya. Akwati uku ya tsira da su. Ya ce, "Ɗana, aikin mutum goma sha ne a ciki, ba nawa kaɗai ba. Rabinsu sun rasu. Ni kaɗai na san wane ne ya zana wanne."

Ya buɗe mini akwati ɗaya. A bayan kowace takarda ya rubuta da fensir sunan wanda ya zana ta, da unguwarsu, da shekarar da yake tunawa. Wani Bakano, wani Bazazzagi, wani Bayarabe da aka haifa a Sabon Gari, wani mutumin Gana. Abin da ba a yi wa masu ɗinkin zamanin Barth ba, shi wannan dattijo ya zauna ya yi wa abokan aikinsa, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi.

Bayan rufe kamfanin ya yi rubutun allon shaguna, ya yi zanen jikin manyan motoci, ya yi bangon littattafan hikaya lokacin da kasuwarsu take ci. Da na'urar buga manyan hotuna ta zo, wannan ma ya tsaya. Sai ya kama wannan sito haya, ya share, ya rataye abin da yake da shi.

Da na matsa kusa da sababbin ayyukansa sai na ga ashe ba fenti kaɗai ba ne. Rigunan mahayan da guntayen fata aka yi su, irin waɗanda majemun Challawa suke zubarwa. Sararin sama ƙyallen shuɗi ne daga marina. Firam ɗin kuma katakon akwatunan kaya ne da yake tsinta a bakin kamfanoni. Na ce, "Baba, ai wannan laso ne." Ya dube ni ya ce, "Ashe ka san laso?" Daga nan hira ta ƙara daɗi.

Na san wasu za su tambaya, don haka na riga ku tambayarsa batun hukuncin zana mai rai. Ya ce ya san maganar malamai a kai, kuma shi ya zaɓi ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu. Ba ya fitar da fuska. Mutanen cikin zanensa daga nesa ake hango su, rawani da riga ne suke nuna ko su wane ne. Mafi yawan aikinsa ma gini ne da fure da dagi da rubutu. Ya ce wanda ya gaji zanen riga da na allo bai rasa abin zanawa ba. Na bar wannan ga masana, na dai kawo muku yadda ya faɗa.

Masu saye fa? Ya ce jefi-jefi. Wani ma'aikacin banki, wani mai otal, wani baƙo da aka kawo. 'Yan makarantar unguwa su ne masu zuwa kullum, yana koya wa huɗu daga cikinsu ranar Asabar da Lahadi, biyu mata ne. Manyanmu kuwa, ya ce, mutum zai kashe miliyoyi a gina gida, ya sayo hoton wani dutsen ƙanƙara na ƙasar da bai taɓa zuwa ba ya rataye a falo.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Mai siton ya sanar da shi cewa idan haya ta ƙare a ƙarshen shekara zai ninka kuɗin, domin masu ruwan leda suna zawarcin wurin. Ban ga laifinsa ba, dukiyarsa ce. Rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, gara ta riga ta taɓa gindin akwati guda, na ga takardun da ta mayar gari. Baba ya haura saba'in, idonsa ɗaya ya fara hazo. Idan ya koma gida da akwatunan nan, ranar da ta Allah ta kasance, ba mamaki su ƙare a inda ya tsamo su, wato hannun mai tsire.

Muna da Gidan Makama, muna da Gidan Ɗan Hausa, kuma suna adana tarihin sarauta da na sana'o'in gargajiya gwargwadon hali. Amma zamanin masana'antu ma ya zama tarihi yanzu. Shekara 50 ke nan da ake busa jiniya a Sharaɗa, dubban ma'aikata su fito a kan kekuna. Yaran da aka haifa bayan 2000 ba su ga wannan Kanon ba. Idan aka ce musu a garin nan ake zana atamfa, a saƙa ta, a buga ta, sai su ɗauka tatsuniya ce. Takardun nan su ne shaida.

Ban zo da roƙon kuɗi ba, shi ma bai aiko ni ba. Abu uku nake nema a wurin 'yan wannan zaure. Na farko, a cikinmu akwai masu kyamara da na'urar kwafar takardu. Mu sa rana mu je mu ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, mu naɗi muryarsa yana bayanin ta. Ya amince da wannan. Na biyu, a cikinmu akwai malaman Jami'ar Bayero da na kwalejojin ilimi da ma'aikatan hukumar tarihi. Ku duba ko akwai inda za a ajiye akwatunan nan da sunan masu su, inda ruwa da gara ba za su kai ba. Na uku, wanda zai yi wa falonsa ko ofishinsa kwalliya, ya fara leƙa irin waɗannan wurare kafin ya sayi na kanti. Ciniki ne zai riƙe ƙofar nan a buɗe, tausayi ba ya biyan haya. Mai son rakiya ya yi mini magana ta akwatin saƙo, sai mu haɗu mu tafi tare.

Sannan kowa ya binciki gidansu. A ƙasan adakar kakarka akwai atamfar gida da ba a ƙara yin irinta. A saman kabad akwai langar jere mai fure. Wataƙila mahaifinka ko kawunka ya yi aiki a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, yana da katin aiki ko hoto ko labari. Ku tambaye su tun suna raye, ku rubuta sunan kamfanin da sashen da shekarun, ku kawo mana nan.

Da zan tafi na tambaye shi kuɗin takardar atamfar mahaifiyata. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, amma in kawo gyatumar ta gani. Na gaya mata da daddare. Ta yi shiru, sannan ta ce zanin yana nan a ƙasan akwati, ta ƙi bayar da shi ne saboda da kuɗin adashinta na farko ta saya. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kai ta da zanin a hannu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu cikin ma'aikatan nan, ya ba Baba lafiya, ya farfaɗo mana da masana'antunmu. Sai mun haɗu a mako na gaba.